Gaskiya ne ko ƙarya? Tambayoyin gasar tarihi da suka raba kan 'yan zaure

Malamar Tarihi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Makarantarmu za ta yi gasar kacici-kacici tsakanin gidaje huɗu a ƙarshen zangon nan, zagayen farko na tarihi ne, a karanto magana yaro ya ce gaskiya ne ko ƙarya. Kwamiti ya miƙo mini tambayoyin da amsoshinsu in duba kafin a buga. Wasu ba ni da ja a kansu, wasu kuma zuciyata ta ƙi kwanciya da su. Ga su yadda aka rubuto:

1. Najeriya ta zama jamhuriya a 1960. Ƙarya.
2. Kaduna ce hedikwatar Arewa ta farko a mulkin Turawa. Ƙarya.
3. Nnamdi Azikiwe ne shugaban ƙasa na farko. Gaskiya.
4. Mungo Park ne ya gano Kogin Kwara. Gaskiya.
5. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne ya kafa birnin Sakkwato. Gaskiya.
6. Sarauniya Amina ta hau mulkin Zazzau a 1576. Gaskiya.
7. Bagauda ya fara sarautar Kano a shekarar 999. Gaskiya.
8. Bayajida ya kashe maciji a rijiyar Kusugu. Gaskiya.

'Yan aji uku na ƙaramar sakandare ne, kowace tambaya maki biyu, daƙiƙa goma a ba da amsa. Don Allah a taimaka da gyara.

Baban Zahra:
Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Ta ɗaya da ta biyu lafiya lau suke. 'Yancin kai ranar 1 ga Oktoba 1960 aka samu, jamhuriya kuwa sai 1 ga Oktoba 1963. Ta biyun ma haka: a Lakwaja Gwamna Lugga ya ɗaga tuta ranar 1 ga Janairu 1900, aka ɗan zauna a Jebba, aka koma Zungeru a 1902, Kaduna sai 1917. Duk mai ja akwai takarda. Ta uku ce nake so a gyara mata zama. Azikiwe ya zama Gwamna-Janar a Nuwamba 1960, ya zama shugaban ƙasa a 1963, amma ragamar mulki tana hannun Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yaron da aka koya wa cewa Shehu Shagari ne shugaban ƙasa na farko mai cikakken iko a 1979 zai tsaya yana auna abin, daƙiƙa goman ta wuce shi. A ƙara "a 1963" a cikin tambayar, magana ta ƙare.

Maman Sadik:
Ni ta huɗu ce ta taɓa min zuciya, don an yi wa ɗana ita a wata gasa a makarantarsu. Mu mutanen Yawuri ne, a bakin Kogin Kwara, dangin babansa masunta ne kaf. Aka karanto masa wannan magana daidai yadda take a nan, ya miƙe da ƙarfinsa ya ce ƙarya ne. Alƙali ya kaɗa ƙararrawa ya ce ya faɗi, aka ba ɗaya gidan makin. Ya dawo gida ko kayan makaranta bai cire ba, ya zauna a bakin murhu inda nake tuƙa tuwo ya ce, "Mama, kafin Baturen nan ya zo, su Kaka a ina suke kamun kifi?" Wallahi na rasa abin da zan ce masa. Yaron nan ya yi tunani ne, aka hukunta shi a kan tunanin. Malama, don girman Allah kada a maimaita wa wani yaro wannan.

Ɗalibin Jami'a:
Anti, ɗanki ne mai gaskiya. Abin da ya faru shi ne Mungo Park, mutumin Sikotlan, ya iso bakin kogin a Segu, cikin ƙasar Mali ta yanzu, a watan Yuli 1796. Da ya iso, babban birni ya tarar, jama'a na tsallaka ruwa a kwale-kwale suna harkokinsu. Shi da kansa ya rubuta cewa Sarki Mansong bai yarda ya gan shi ba, sai dai ya aika masa da wuri dubu biyar ya yi guzuri, kuma wata mata ce ta same shi a gindin bishiya ta kai shi gidanta ta gasa masa kifi. Wanda aka yi wa wannan karamci a bakin ruwa, yaya za a ce shi ya gano ruwan?

Ko a wajen Turawan ma aikin bai kammalu a hannunsa ba. Abin da ya tabbatar musu shi ne kogin gabas yake gangarawa a wannan yankin. Ya dawo a 1805, ya mutu a Bussa, cikin Najeriya ta yanzu, a 1806 bai san inda ruwan yake faɗawa ba. Sai a 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka bi shi daga Bussa har teku.

Tsohon Hedimasta:
'Ya'yana, duk na ji ku, kuma Maman Sadik Allah ya yi wa yaron nan albarka. Amma bari in faɗi abin da na gani a aikin koyarwa. Gasar makaranta tana bin littafin da ke hannun yaro ne. Mu haka aka koya mana, haka muka koyar, haka kuma ake tambaya a jarrabawa a zamaninmu. In littafi ya ce kaza, alƙalin gasa ya ce kaza, yaro ya san inda ya dosa. In kowane malami zai zo da nasa binciken ranar gasa, rigima za a yi a gaban iyaye. Na sha ganin gasa ta watse saboda malamai biyu sun tsaya musu a kan tebur, yara na kallo.

Baban Zahra:
Allah ya ƙara girma Baba. Rigimar da kake gudu ita ce muke son kashewa tun yanzu, kafin a buga takarda. Ba cewa muke a zo da sabon bincike ranar gasa ba. A rubuta maganar yadda ba mai iya ja da ita: "Mungo Park ya mutu a Bussa a 1806." Gaskiya. Ko kuma "Mungo Park ya bi Kogin Kwara har teku." Ƙarya. Littafi bai saɓa ba, kakannin Sadik ma ba a shafe su ba.

Tsohon Hedimasta:
Wannan na yarda da shi. A ci gaba.

Basakkwace:
Ta biyar tawa ce. In ana maganar wanda ya tsaya a kan ginin birni, Muhammadu Bello ne ya kafa Sakkwato a 1809, bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Shehu a lokacin bai zauna can ba. Ya yi shekaru a Sifawa yana karantarwa yana rubutu, sai a 1815 ya koma Sakkwato, ya rasu a 1817, hubbarensa yana nan kowa na ziyarta. To yaron da ya san wannan zai ce ƙarya, kwamiti kuma ya rubuta gaskiya.

Amma ba zan ɓoye ba, in ka tare dattijo a kasuwar Sakkwato ka ce masa ba Shehu ne ya kafa garin ba, kallon da zai yi maka daban ne. Sakkwato Birnin Shehu ake cewa. Bello a ƙarƙashin tutar mahaifinsa ya yi abin da ya yi, babu wanda a zamanin zai raba aikin ɗan da jagorancin uban. Ina nufin tambayar tana da fuska biyu, kowace amsa yaro ya bayar akwai mai kare ta da hujja. Irin wannan ba ta gasar daƙiƙa goma ba ce.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum daga wannan ɓangaren iyaka. In Malama na son tambaya a kan Shehu wadda za ta gwada yaro da gaske, ga ta: "A Degel aka haifi Shehu Usmanu." Da yawa za su ce gaskiya, don Degel suka fi ji. A Maratta aka haife shi a 1754, cikin ƙasar Gobir, wurin kuma yau yana cikin Jamhuriyar Nijar. Degel can ya tashi ya karantar, daga can ya yi hijira zuwa Gudu a 1804.

Basakkwace:
Madalla. Wannan ba mai ja.

Bazazzagi:
Na ga an nufo ta shida, shi ya sa na shigo tun kafin a fara. Ina jin wasu 'yan boko suna cewa wai Amina tatsuniya ce. In nan aka dosa, ni ba na ciki. Ganuwar Amina ake kiran tsoffin ganuwoyi a garuruwa da yawa na ƙasar Hausa har gobe. A Turunku akwai kufai. Mutum ba ya barin suna a bakin al'umma ɗaruruwan shekaru alhali ba a yi shi ba.

Ɗalibin Jami'a:
Yaya, ba wanda ya ce ba a yi ta ba a nan. An yi Amina, kuma rubuce-rubucen malamanmu ne ma suka fi tabbatar da ita. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a littafinsa Infaƙul Maisuri, ya ce 'yar sarkin Zazzau ce, ta yi yaƙe-yaƙe har Kano da Katsina suna ba ta haraji, ta rasu a Atagara. Tarihin Kano na Larabci ma ya ambace ta, ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nupe, Sarkin Nupe ya aika mata da babanni arba'in da goro dubu goma, yaƙinta ya ɗauki shekara 34.

Matsalar tana kan shekarar. Shi Tarihin Kano ya sa ta ne a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1421 zuwa 1438. Masu cewa 1576 kuwa sun bi ta kan cewa 'yar Bakwa Turunku ce, wanda ake sa sarautarsa wajen 1536, sannan ta gaji ɗan'uwanta Karama. Tsakanin maganganun biyu akwai kusan shekara 150. Ga kuma wani abu: jerin sarakunan Haɓe na Zazzau da aka saba bugawa yana da sunan Bakwa Turunku, amma babu sunan Amina a ciki. Shi ya sa wasu masana suke ganin jagorar yaƙi ce mai ƙarfin gaske, ba lalle ta zauna a gadon sarauta ba. Tambayar kwamiti ta haɗa abu biyu da ake saɓani a kansu, hawa mulki da shekarar hawa, ta ce yaro ya yanke hukunci.

Bazazzagi:
Wato littafin Kanawa ne zai faɗa mana lokacin da sarauniyarmu ta yi zamani? Ba wasan Kanawa da Zazzagawa nake yi ba, da gaske nake tambaya. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Kuma rashin sunanta a jeri ba hujja ba ce. Maza ne suka riƙa haddace jerin nan suna karanta shi a fada, ba abin mamaki ba ne su tsallake mace.

Maman Sadik:
Wannan magana ta ƙarshe tana da ƙarfi fa. Ni ma ta zo min a rai.

Ɗalibin Jami'a:
Tana da ƙarfi, kuma ina girmama ta. Mai yiwuwa ne an tsallake ta da gangan. Amma Yaya, ka ga kai ma yanzu hujja kake kawowa, ni ma ina kawowa, mun ɗauki lokaci ba mu gama ba. Yarinya 'yar shekara goma sha huɗu da ke tsaye gaban makirufo, zuciyarta na dukan uku-uku, ita ake so ta gama abin da mu muka kasa gamawa?

Bazazzagi:
A cire shekarar, na yarda. Amma kalmar sarauniya ba za a taɓa ta ba.

Malamar Tarihi:
Ba za a taɓa ba Malam, kowa da haka ya san ta. Ta bakwai fa? Ita na ɗauka tsayayya ce, tunda 999 a ko'ina ake rubuta ta.

Baban Zahra:
Malama, a ko'ina ake rubuta ta don duk daga wuri ɗaya aka kwafo. Shi Tarihin Kano ba ya cewa wane ya hau a shekara kaza. Abin da yake bayarwa shi ne tsawon mulkin kowane sarki, wane ya yi shekara kaza, wane ya yi wata kaza. Bagauda an ce ya yi 66. Da Bature Palmer ya fassara littafin ya buga a 1908, sai aka ɗauki shekarun da aka tabbatar na sarakunan baya-bayan nan, aka riƙa ɗebe tsawon mulkin kowa ana ja da baya, har aka dire a shekara ta 389 bayan hijira, wadda ta yi daidai da 999. Kamar jera bulo ne, in guda ɗaya ya karkace a tsakiya duk abin da ke kansa ya karkace. In mai ruwaya ya ƙara wa wani sarki shekara goma, ko ya manta wani sarkin gaba ɗaya, 999 ta tashi daga wurinta. Lissafi ne mai amfani, ni ma da shi nake aiki, amma ba wanda ya rubuta wannan shekara a zamanin Bagauda.

Tsohon Hedimasta:
To in haka ne sai mu rufe littafin tarihin Kano baki ɗaya? Mulkin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ma 1463 zuwa 1499 ta wannan lissafin aka samo shi.

Baban Zahra:
A'a Baba. Na Rumfa yana da mai tallafa masa daga waje, don Shehu Magili, babban malami daga Arewacin Afirka, ya zo Kano a zamaninsa, kuma an san lokacin da Magili ya rayu daga wasu littattafan daban. Duk yadda aka matso kusa, shaidu na ƙaruwa. Bagauda ne yake can nesa shi kaɗai.

Tsohon Hedimasta:
Na fahimta. Amma ta takwas ina roƙon a yi hattara. Ni mutumin ƙasar Daura ne. Rijiyar Kusugu tana nan, na sha ruwanta, na kai ɗalibai sun leƙa ta. Tun muna yara ake ba mu labarin baƙon da ya zo da dare ya nemi ruwa wurin tsohuwa, aka ce masa sai ranar Juma'a ake ɗiba saboda maciji, ya karɓi guga ya tafi. Na san inda masu bincike suke dosa, za su ce babu shaida. In aka juya amsar nan ta koma "ƙarya", an tara yara an gaya musu da lasifika cewa iyayensu da kakanninsu maƙaryata ne. Wannan ba zan goyi bayansa ba ko da ni kaɗai na rage. An yi shekaru an cire darasin tarihi daga manhajar ƙananan makarantu, yaran da suka tashi a lokacin ko Hausa Bakwai ba sa iya jerawa. Yanzu da aka dawo da shi, da rushe abin da ya rage za mu fara?

Ɗalibin Jami'a:
Allah ya ja kwana Baba. Ni ma ba zan yarda a rubuta "ƙarya" ba. Labarin nan shi ya riƙe wa Hausawa bayanin dangantakar Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram, ba abin wasa ba ne. Amma "gaskiya" ma in aka rubuta, an gaya wa yaro cewa tabbacin kashe macijin daidai yake da tabbacin 1 ga Oktoba 1960, alhali ba haka ba ne. Salon gasar ne ya matse mu, ƙofa biyu kawai ya bari. Shawarata a fara irin waɗannan da "a cewar labarin Bayajida" ko "a cewar Tarihin Kano". Yaro ya san labarin, ya kuma san daga inda ya fito.

Tsohon Hedimasta:
Ɗana, ba ka yi aikin aji ba tukuna. Yara sun fi ka wayo. Da sun ji "a cewar" sau biyu amsa tana fitowa gaskiya, na uku ba za su saurari ƙarshen tambayar ba, za su danna ƙararrawa.

Malamar Tarihi:
Baba ya faɗi abin da zai faru tabbas, na san yarana. Amma ina ga akwai mafita. Sai a riƙa sa wasu na ƙarya a cikinsu. Misali, "A cewar labarin Bayajida, maƙeran Rano ne suka ƙera masa wuƙa." Ƙarya, maƙeran Gaya ne. Ko "A cewar Tarihin Kano, Bagauda ne ya fara gina ganuwar Kano." Ƙarya, Gijimasu ne. Wanda bai san labarin ciki da waje ba ba zai ci ba.

Tsohon Hedimasta:
Ta Gaya ta yi kyau ƙwarai. Duk da haka ni "a cewar" ɗin nan tana yi mini nauyi a kan Kusugu. A kunnen yaro kamar ana ce masa kada ya yarda ne.

Bazazzagi:
Ina tare da Baba a nan.

Maman Sadik:
Ni kuma ina ganin kariya ce ga labarin. Ranar da yaro ya shiga jami'a wani malami ya ce masa babu shaidar maciji, in tun farko an ce masa tabbas ne, sai ya watsar da komai har da abin da yake tabbas ɗin. In kuwa ya san ruwaya ce ta kaka da kakanni, ba abin da zai girgiza shi.

Basakkwace:
Malama, in kina neman waɗanda za su cike gurbi, zuwan Turawa cike yake da tambayoyi masu tsafta. "Turawa sun kama Sarkin Kano Alu a cikin birni ranar da suka ci Kano." Ƙarya. Sun shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903 Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato, daga baya aka kama shi, aka kai shi Yola, sannan Lakwaja inda ya rasu a 1926. Ko "Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu a Burmi a 1903." Gaskiya.

Ɗan Damagaram:
Ku sa namu ma ko guda biyu ne, yaranku su san maƙwabta. "Yamai ce babban birnin Nijar tun farkon mulkin Faransa ba a taɓa canzawa ba." Ƙarya, Damagaram ta riƙe daga 1911 zuwa 1926. Sai kuma wadda za ta yi daidai da tambayarku ta ɗaya: "Nijar ta zama jamhuriya kafin ta samu 'yancin kai." Gaskiya ne, jamhuriya 18 ga Disamba 1958, 'yanci 3 ga Agusta 1960. Yaron da ya haddace na Najeriya kawai zai ɗauka ko'ina 'yanci ne ke fara zuwa.

Malamar Tarihi:
Na kwashe duka, Allah ya saka da alheri. Ta Amina zan mayar da ita "Sarkin Musulmi Bello ya ambaci Amina ta Zazzau a rubutunsa", ba shekara a ciki. Ta Kusugu kuwa tunda ba a daidaita ba, zan cire ta daga wannan zagayen in kai ta zagaye na uku, inda ake ba kowane gida minti uku ya ba da labari da baki, a ba da maki a kan cikar labarin. Baba, in lafiya ta samu, kai nake so ka zauna alƙalancin wannan zagayen.

Tsohon Hedimasta:
Zan zo in sha Allahu. Amma ki gaya wa yaran tun yanzu, duk gidan da ya ba da labarin bai kawo Bagwariya da ɗanta Karɓagari ba, ya tsaya a kan Daurama da Bawo kaɗai, zan rage masa maki. Ki turo mini ranar da lokacin ta waya.